Tawaturin Bogi: Zauren Amsa-Kuwwa na Kafofin Sada Zumunta a Ma'aunin Malaman Hadisi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari a kan halin da mutum yake faɗawa idan ya mayar da kafofin sada zumunta su ne majiyarsa ta labarai, wato halin da masu bincike suke kira zauren amsa-kuwwa. Ta bayyana yadda wannan zaure yake ginuwa, sa'annan ta auna shi da ƙa'idojin da malaman hadisi suka shimfiɗa na karɓar labari. Abin da ta tsaya a kai shi ne cewa zauren yana samar wa mai shi yaƙinin da ba shi da asali, domin yana nuna masa labari guda da ya yawaita a bakuna tamkar labarin da ya kai darajar tawaturi.

Gabatarwa

A farkon watan Agusta na shekarar 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya karaɗe Nijeriya cikin dare guda, cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum daga cutar. Mutane da dama sun tashi kafin asuba suna kaɗa gishiri a bokiti, har a garuruwan Arewa inda cutar ba ta taɓa ɓulla ba. Ma'aikatar lafiya ta ƙaryata maganar, amma kafin nan an kwantar da wasu a asibiti, an kuma bayar da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu. Da za a tambayi wanda ya sha gishirin nan hujjarsa, zai ce 'yar'uwarsa ta kira shi, maƙwabcinsa ya buga masa ƙofa, kuma ya ga saƙon sau biyar a wayarsa. A ganinsa shaidu bakwai ke nan, alhali a haƙiƙa magana ce guda wadda ba a san mafarinta ba, ta biyo hanyoyi bakwai ta iso gare shi.

Wannan ruɗani tsakanin yawan masu faɗa da yawan waɗanda suka gani shi ne jigon matsalar. Ba sabon abu ba ne ga ɗalibin ilmin hadisi, domin malaman fannin sun daɗe da warware shi. Sabon abu shi ne na'urar da take ninka shi dare da rana, tana kuma zaɓar wa kowane mutum irin muryoyin da za su dawo masa.

Yadda zauren yake ginuwa

Masanin shari'a ɗan Amurka, Cass Sunstein, ya yi gargaɗi a littafinsa Republic.com na shekarar 2001 cewa intanet za ta bai wa mutum damar tace duk abin da ba ya son ji. Shekara goma bayan haka Eli Pariser ya ƙara da cewa tacewar ba ta tsaya ga zaɓin mutum ba, kamfanonin da kansu suna yi masa ita ba tare da saninsa ba. Idan aka haɗa bayanan biyu, za a ga zauren yana da bango uku.

Bango na farko mutum ne yake gina shi da hannunsa. Yana bin shafukan malaman da yake so, yana shiga rukunonin WhatsApp na 'yan ƙungiyarsa ko ɗariƙarsa ko jam'iyyarsa, wanda kuwa ya saɓa masa ya toshe shi. Bango na biyu shi ne algoridim, wato jerin ƙa'idojin lissafi da manhaja take bi wajen yanke abin da za ta fara nuna wa mutum. Kalmar ta samo asali ne daga sunan malamin lissafi na Bagadaza, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi. Kamfanoni irin su Facebook da YouTube da TikTok suna samun mafi yawan kuɗinsu ne ta hanyar talla, saboda haka ribarsu tana cikin daɗewar mutum yana kallo. Manhajar tana lura da abin da ya tsaya a kai, da abin da ya yaba, da abin da ya tura wa wasu, sai ta ƙaro masa irinsa. Ba ta auna gaskiyar labari ko ƙaryarsa, abin da take aunawa shi ne ƙarfinsa na riƙe ido, kuma abin da yake tayar da fushi ko tsoro ya fi kome riƙe ido. Bango na uku shi ne tsoron jama'a. Wanda yake cikin rukunin mutum ɗari biyu, ya ga an turo labarin da yake shakka, yakan yi shiru don kada a zarge shi da goyon bayan abokan hamayya, sai sauran su ɗauki shirunsa a matsayin yarda.

Ya kamata a yi adalci wajen raba laifi. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2015, wanda ya shafi masu amfani da Facebook kimanin miliyan goma a Amurka, ya nuna cewa zaɓin mutum ya fi algoridim tasiri wajen rage masa cin karo da ra'ayin da ya saɓa wa nasa. Ko da yake waɗanda suka yi binciken ma'aikatan kamfanin ne, kuma shaidar mai maslaha a kan kansa tana buƙatar taka-tsantsan, sakamakon ya dace da abin da aka sani na ɗabi'ar ɗan Adam. Wani binciken na masana daga jami'ar MIT, wanda ita ma Science ta buga a 2018, ya bibiyi labarai kimanin 126,000 da suka yaɗu a Twitter tsakanin 2006 da 2017. Ya gano cewa yiwuwar a sake tura labarin ƙarya ya ɗara na gaskiya da kashi 70 cikin ɗari, kuma labarin gaskiya yakan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da na ƙarya yake ɗauka kafin ya isa ga mutum 1,500. Masu binciken sun danganta bambancin ga mutane, domin manhajojin da suke turawa da kansu sun yaɗa gaskiya da ƙarya daidai wa daida.

Yawan masu faɗa a ma'aunin tawaturi

Malaman usulu da na hadisi sun yarda cewa labari mutawatiri yana haifar da ilmi na yaƙini, amma sun gindaya masa sharuɗɗa. Kamar yadda Hafiz Ibn Hajar al-Askalani (ya rasu 852 bayan Hijira) ya tattara su a Nuzhatun Nazar, dole ne masu ruwayar su yi yawan da a al'ada ba zai yiwu su haɗa baki ko su dace a kan ƙarya ba, dole ne wannan yawa ya tabbata a kowane mataki na isnadi tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma dole ne maganar ta tuƙe ga abin da aka gani ko aka ji kai tsaye.

Labarin da yake yawo a zauren amsa-kuwwa yakan faɗi a dukkan sharuɗɗan nan. Yawansa a matakin ƙarshe ne kaɗai, idan aka bi shi baya sai ya tsuke ya koma shafi ɗaya, sau da yawa ma shafin da ba a san mai shi ba, wanda a istilahin malamai majhuli ne. Masu turawar ba su ga kome ba face rubutu a fuskar waya. Haɗa baki kuwa abu ne mai sauƙi a yau, tunda mutum ɗaya yana iya buɗe shafuka hamsin da sunaye hamsin.

Hadisin niyya, wanda Bukhari ya buɗe Sahihinsa da shi, ya isa misali. Bai inganta daga Annabi (SAW) ba sai ta hanyar Umar (RA), daga shi sai Alƙama bin Waƙƙas, sai Muhammad bin Ibrahim at-Taimi, sai Yahya bin Sa'id al-Ansari, daga nan ne jama'a masu yawa suka ɗauke shi. Duk da shahararsa malamai ba su kira shi mutawatiri ba, sun ce garibi ne, kuma ingancinsa ya rataya ne a kan amincin mutanen nan huɗu. To idan yaɗuwar ƙarshe ba ta ɗaga darajar ingantaccen hadisi zuwa tawaturi ba, ta yaya za ta ɗaga darajar saƙon da ba shi da mai shi?

Malamai sun kuma ware wani babi na abin da ya shahara a harsunan mutane, inganci ko babu. Sakhawi (902 B.H.) ya rubuta al-Maƙasidul Hasana, Ajluni (1162 B.H.) ya rubuta Kashful Khafa'i, domin su tace irin waɗannan maganganu, kuma da yawa daga cikinsu an same su ba su da asali. Hanyar da suke bi wajen gwaji ita ce i'itibari, wato tattara hanyoyin labari don a ga ko akwai wani mai ruwaya da ya zo da shi ta wata hanya mai zaman kanta. Idan hanyoyin duka suka koma ga mutum guda mai rauni, yawansu ba ya ƙara kome. Wannan ne ruhin abin da Umar (RA) ya yi sa'ad da Abu Musa al-Ash'ari ya kawo masa hadisin neman izini sau uku, ya nemi wani da shi ma ya ji da kunnensa, har Abu Sa'id al-Khudri ya tsaya masa.

Ɓangaranci, ƙofar da ƙarya take shigowa

Ibn Khaldun (808 B.H.) ya lissafa a Muƙaddima dalilan da suke sa ƙarya ta kutsa cikin labarai, kuma na farko da ya ambata shi ne karkata ga wani ra'ayi ko mazhaba. Bayaninsa shi ne cewa zuciyar da take tsaka-tsaki takan bai wa labari haƙƙinsa na bincike, wadda kuwa ta riga ta karkata takan karɓi abin da ya dace da ita tun a karon farko. Zauren amsa-kuwwa wuri ne da aka tara masu karkata iri ɗaya, aka kuma ɗora musu na'urar da take kawo musu abin da ya dace da karkatarsu. Alƙur'ani ya siffanta irin wannan hali a aya ta 53 ta Suratul Mu'minun da aya ta 32 ta Suratur Rum, inda ya zargi waɗanda suka rarraba addininsu ƙungiya-ƙungiya, kowace tana alfahari da abin da yake hannunta.

Malaman jarhu da ta'adili sun yi wa wannan cuta rigakafi da ƙa'idoji biyu. Ta farko, wadda Juzajani ya faɗa kuma Ibn Hajar ya zaɓa, ita ce a yi hattara da ruwayar mai wata aƙida idan ruwayar tana ƙarfafa aƙidar tasa. Ta biyu, wadda Zahabi (748 B.H.) ya yawaita nanatawa, ita ce ba a dogaro da sukar tsara a kan tsaransa idan alamu sun nuna gaba ko hassada ko saɓanin mazhaba ne suka jawo ta. Idan aka ɗora waɗannan ƙa'idoji a kan abin da yake gudana a ƙasar Hausa, musamman a lokacin tafsirin Ramadan, za a ga girman ɓarnar. Ana yanko daƙiƙa talatin daga karatun awa biyu na wani malami, a cire sharaɗin da ya gindaya ko maganar da yake hakaitowa don ya rushe ta, a ɗora kanu mai zafi, a watsa wa mabiyan wani malamin. Kafin a nemo cikakken karatun an yi raddi, an yi raddin raddi, wasu ma sun kai ga kafirtawa. Ɗalibin da bai taɓa sanin malaman wani ɓangare ba sai ta irin waɗannan guntaye, ya san su ne ta ruwayar abokan husumarsu kaɗai, ruwayar da malaman hadisi ba za su karɓa ba.

Darasi daga Madina

Al'ummar Annabi (SAW) ta fuskanci jita-jita, kuma wahayi ya yi mata magani. A ƙissar ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai A'isha (RA) bayan yaƙin Banul Musɗaliƙ, Abdullahi bin Ubayyu ne ya jagoranci maganar, amma wasu muminai na gari sun faɗa ciki, aka yi wata guda ana cikin damuwa. Ayoyin Suratun Nur daga ta 11 zuwa ta 20 sun tsawata wa masu yaɗawar a kan rashin kyautata zato, da rashin neman shaidu, da ɗaukar abin da wasa alhali babba ne a wurin Allah. Aya ta 15 ta jingina karɓar labarin ga harshe, kuma malamai sun lura da hikimar hakan, cewa maganar tana tsallakawa daga baki zuwa baki ba ta bi ta hankali ba. Da wuya a sami siffar da ta fi wannan dacewa da yatsan da yake tura saƙo kafin a gama karanta shi.

A cikin ƙissar akwai 'yan'uwa biyu mata da ya kamata a dube su. Zainab bint Jahsh (RA) kishiyar A'isha ce, kuma ita ce take gogayya da ita a matsayi, amma da aka tambaye ta sai ta kiyaye jinta da ganinta, ta ce alheri kaɗai ta sani. 'Yar'uwarta Hamna kuwa ta shiga maganar ne don taya Zainab kishi. Wadda take da maslaha ta tsira saboda tsantseni, mai goyon baya ta faɗa saboda ɓangaranci.

Ƙissa ta biyu ita ce ranar da labari ya bazu cewa Annabi (SAW) ya saki matansa. Umar (RA) ya tarar da mutane a masallaci cikin baƙin ciki, kowa yana faɗar abu ɗaya. Bai ɗauki yawansu hujja ba, ya nemi izini ya shiga ya tambayi mai al'amarin da kansa, aka ce masa babu saki, ƙaurace musu ne na wata guda. A ruwayar Muslim, ya tsaya a ƙofar masallaci ya shelanta gyaran da babbar murya, kuma an danganta saukar aya ta 83 ta Suratun Nisa'i da wannan, ayar da ta zargi masu gaggawar watsa labarin aminci ko na tsoro, ta umarci a mayar da shi ga Manzo da ma'abota al'amari.

Abin da ake asara

Illar zauren ba ta tsaya ga kuskuren fahimta ba. A ƙasar Myanmar, inda Facebook ya zama tamkar shi ne intanet ga mutane da yawa, an shafe shekaru ana watsa ƙiyayya a kan Musulmin Rohingya. Daga Agustan 2017 sama da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna rawar da kafar ta taka, kamfanin kuma ya amsa a Nuwamban 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da ita don tunzura jama'a. A Nijeriya, binciken da BBC ta fitar a wannan watan ya nuna cewa a rikicin Filato na Yunin 2018 an yaɗa hotuna masu tayar da hankali waɗanda wasunsu ba a wurin aka ɗauke su ba, kuma 'yan sanda sun ce hotunan sun rura wutar ramuwar gayya a kan matafiya da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wannan ita ce nadamar da aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi gargaɗi a kanta, ta cutar da mutane cikin jahilci saboda labarin da ba a tantance ba.

Ta fuskar hukunci, mai turawa ba ya kuɓuta da cewa shi ma turo masa aka yi. Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa hadisin da ya nuna cewa faɗar duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Bukhari kuma ya kawo hadisin Samura bin Jundub mai bayanin azabar mutumin da yake yin ƙarya a ɗauke ta har ta kai sasannin duniya. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta hana bin abin da babu ilmi a kansa, ta kuma tabbatar da cewa za a tambayi ji da gani da zuciya.

Mafita

Ana yawan cewa maganin zauren shi ne mutum ya riƙa sauraron ɗaya ɓangaren. Wannan bai wadatar ba. A wani gwaji da Christopher Bail da abokan aikinsa suka buga a 2018, an sa wasu Amurkawa su bi shafin Twitter mai kawo musu ra'ayoyin abokan hamayyarsu na tsawon wata guda, sai 'yan jam'iyyar Republican da ke cikinsu suka ƙara tsauri a kan ra'ayinsu. Matakan kamfanoni ma suna da iyaka. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a Indiya a 2018 sa'annan a duniya baki ɗaya a 2019, wannan yana rage gudu amma ba ya gyara mai turawa. Abin da ake buƙata shi ne tarbiyyar karɓar labari, kuma ana iya tsamo ta daga abin da ya gabata.

Na farko, a ƙirga majiyoyi masu zaman kansu, a bar ƙirga yawan saƙonni. Tambayar da Ibn Sirin (110 B.H.) ya ce an fara yi bayan aukuwar fitina, ta neman a ambaci mazajen isnadi, ita ce tambayar da ta dace da kowane saƙo: wa ya fara faɗa, kuma gani ya yi ko ji? Na biyu, a tsananta bincike a kan labarin da ya yi wa zuciya daɗi fiye da wanda ya ɓata mata, domin a nan ne son rai yake ɓuya. Na uku, kada a hukunta malami ko ƙungiya da guntun bidiyo, a koma ga cikakken karatu ko littafi, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Na huɗu, a mayar da kowane labari ga ahalinsa, na lafiya ga likitoci, na ganin wata ga kwamitin da Sarkin Musulmi yake sanar da matsayarsa, sa'annan a fifita kafar labarai mai suna da adireshi wadda za a iya tuhuma idan ta yi kuskure. Na biyar, wanda ya yaɗa kuskure ya yi gyara a wurin da ya yaɗa shi, da irin ƙarfin muryar da Umar (RA) ya yi shela a ƙofar masallaci. Na shida, ingancin labari ba ya wajabta yaɗa shi, sai an duba maslaha da abin da zai biyo baya.

Akwai nauyi na musamman a kan jami'o'i da makarantun Islamiyya. Ɗalibai suna haddace sharuɗɗan hadisi ingantacce don jarrabawa, sa'annan su fita su tura saƙon da ba shi da isnadi ko kaɗan. Zai yi amfani a riƙa ba su aikin i'itibari a kan labarin da yake yawo a makon, su bi shi baya har mafarinsa, su rubuta hukuncinsu da hujja kamar yadda suke yi a darasin takhriji.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa zauren amsa-kuwwa yana ginuwa ne daga zaɓin mutum, da tsarin kasuwancin kamfanoni, da shirun masu shakka, kuma babbar illarsa ita ce sanya wa labarin mutum ɗaya rigar tawaturi. Ta nuna cewa ƙa'idojin tawaturi da i'itibari da jarhu da ta'adili, tare da darussan Suratun Nur da Nisa'i da Hujurat, sun isa su zama ma'auni ga Musulmin da yake karɓar labarai ta waya. Al'ummar da ta ƙi karɓar magana a kan Annabinta sai da isnadi ita ce ta fi cancanta ta nemi isnadi kafin ta karɓi magana a kan maƙwabcinta. Allah Shi ne Mafi sani, kuma Shi ake roƙo Ya kiyaye harsuna da yatsu daga abin da zai zama nadama ranar hisabi.